Katin ƙungiya daban, lasisi daban: amsa ga likita mai son zuwa Amurka

Dakta, mun ga saƙonka. Ka gama karatun likitanci a gida Najeriya, kana son ƙwarewa a jinyar masu shaye-shaye, an kuma ce maka da zarar ka yi rajista da ASAM hanya ta buɗe. Wanda ya gaya maka haka bai san dawan garin ba.

ASAM ƙungiyar likitocin jinyar masu shaye-shaye ce ta Amurka, da ta faro a New York a 1954. Tana shirya taruka da kwasa-kwasai, ita ce kuma ta tsara ma'aunin da asibitoci da kamfanonin inshora ke bi wajen yanke ko majinyaci zai kwanta ko zai riƙa zuwa daga gida. Amma katinta ko fanadol ba zai ba ka ikon rubutawa ba. Lasisi a hannun hukumar likitocin kowace jiha yake.

Za ka fara da jarrabawar neman lasisin likita a Amurka, wato USMLE, mataki na 1 da na 2, da ta Turanci wato OET, sannan ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta ba ka shaida. A nan ake yawan maƙalewa, domin ECFMG makarantarka take tuntuɓa kai tsaye ta tabbatar da takardunka. Idan babu mai bibiya a ofishin makarantar, wata da watanni sai su wuce, lokacin neman gurbin horo a asibiti ya kuɓuce, ka jira wata shekara. Ka sa wani amintacce ya riƙa leƙawa.

Sai horon ƙwarewa a asibiti: shekara 3 a fannin likitan iyali ko cututtukan manya, 4 a fannin taɓin hankali. Bayansa ne ake ƙara shekara 1 a kan shaye-shaye kaɗai. Wannan ƙarin iri biyu ne. Ɗaya, wanda aka amince da shi a 2016, yana karɓar likita daga fannoni daban-daban. Ɗayan na likitocin ƙwaƙwalwa ne zalla, ƙungiyarsu kuma AAAP. Idan da bizar J-1 ta masu zuwa horo ka shigo, doka ta ce ka koma gida shekara 2 bayan horo, sai in an yafe maka.

Aikin ma ba irin na gida ba ne. A Najeriya tramol da kodin ka saba gani, a Amurka fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske, ke kashe mutane. Tun 2023 aka soke izini na musamman na rubuta buprenorphine, maganin jinyar jarabar irin waɗannan ƙwayoyi, horon awa 8 ake nema wajen rajista da DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka. Maganin methadone kuwa, in don jinyar jaraba ne, sai a cibiyoyin da aka keɓe.

Kafin ka taso, ka shiga reshen Najeriya na ISSUP, ƙungiyar ƙwararru kan shaye-shaye ta duniya, ka yi kwas ɗin UTC na jinyar masu shaye-shaye, ka kuma yi aiki a sashen masu shaye-shaye na asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna. Wasiƙar babban likitan da ya ga aikinka da idonsa ta fi katin ASAM nauyi a wajen masu zaɓen likitoci.