Tambaya da Amsa: Yaya Ake Jera Matasan Hokin Ƙanƙara?

Tambaya: Malam, a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NHL (babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada) na 2022, Shane Wright ya tara maki 94 a kakarsa ta ƙarshe, Juraj Slafkovsky kuwa 10 kacal. Amma ƙungiyar Montreal ta ɗauki Slafkovsky na ɗaya, Wright ya gangaro na huɗu. Ina adalci a nan?

Amsa: Ɗan'uwa, ka haɗa mudu biyu da ba ɗaya ba. Maki dai shi ne ƙwallon da ɗan wasa ya ci haɗe da wanda ya taimaka aka ci. Wright ya tara nasa ne a wasa 63 a gasar OHL ta Kanada, inda kusan kowa bai wuce shekara 20 ba. Slafkovsky ya buga wasa 31 ne da ƙungiyar TPS a babbar gasar Finland, cikin ƙarti masu iyali, inda yaro ɗan 17 ba ya samun mintuna da yawa. A shekarar kuma ya ci wa Slovakia ƙwallo bakwai a Olamfik na Beijin.

Saboda haka kafin ka jera kowa, fara tambayar gasar da yake bugawa. Sannan ka raba makinsa gida biyu: wanda ya samu ana 'yan wasa biyar da biyar, da wanda ya samu lokacin da aka fitar wa abokan hamayya da mutum ɗaya na minti biyu. Na farkon ya fi nauyi, domin na biyun sau da yawa gatan koci ne.

Sai ƙafa. Masu farautar 'yan wasa suna zuba ido kan taku ukun farko daga tsaye, da yadda yaro ke juyawa a kan kaifin takalmin zamiya a ƙanƙara ba tare da ya rage gudu ba. Suna kuma lura ko yana waiwayawa ya leƙa kafaɗarsa kafin ƙwallo ta iso shi. Filin NHL faɗinsa ƙafa 85 ne, ya fi yawancin na Turai matsi, don haka mai jinkirin tunani nan da nan asirinsa ke tonuwa.

Kada ka manta da ranar haihuwa. Sai wanda ya cika 18 zuwa 15 ga Satumba ake zaɓa. Auston Matthews kwana biyu ya hana shi shiga na 2015, ya jira 2016.

Tambaya: To wanda aka ɗauka can baya ya rasa ke nan?

Amsa: Ko kaɗan. Zagaye bakwai ne, ƙungiyoyi 32. Nikita Kucherov na 58 aka ɗauke shi a 2011 amma ya zama tauraro, Nail Yakupov kuma na ɗaya a 2012 bai kai inda aka zata ba. Masu tsaron raga sun fi wuyar hasashe saboda ba sa nuna da wuri: Henrik Lundqvist, wanda ya zama fitaccen mai tsaron raga, na 205 ne a 2000.