Tambaya da Amsa: Jumlolin Umarni a Harshen Java

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Nima da ke Accra, na fara koyon Java, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, amma ire-iren jumlolin umarni sun rikita ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. A Java, harshen da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, fara da jumlar da ke gabatar da ma'ajiya, wato wurin da shiri ke adana ƙima, kamar int sidi = 50; wadda ke sanar da kwamfuta sunan ma'ajiyar da irin ƙimar da za ta ɗauka (a nan sidi ne sunan, int kuma na nufin cikakkiyar lamba). Jumlar aiki kuwa, kamar sidi = sidi - 5; ko kiran wani aikin da aka riga aka rubuta domin kwamfuta ta aiwatar da shi, ba ta da wuya.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne jumlolin da ke karkatar da tafiyar shiri, domin ba don su ba, kwamfuta za ta bi layuka daga sama zuwa ƙasa ba tare da zaɓi ba. Da if ake duba sharaɗi, misali ko kuɗin fasinja ya isa kuɗin mota zuwa Kumasi. Ita kuwa while tana maimaita aiki muddin sharaɗin bai ɓaci ba, don haka ka tabbatar akwai abin da zai ɓata shi, in ba haka ba shirin ba zai tsaya ba.