Mu tsofaffin Bronx da kuɗin da muke ba 'yan takara

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma ga abin da abokanka suka rubuta a ƙarƙashinsa. Kana tambaya ko da gaske ne 'yan fansho a Amurka suna tara kuɗi su ba 'yan takara, har mu Hausawan unguwar Bronx ta New York muna jefa namu a ciki. Ɗaya daga cikinsu ya ce duk Bahaushen da zai zaro kuɗin aljihunsa ya miƙa wa ɗan siyasa, to zaman Turai ya gama da shi. Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna bayan isha'i nake ba ka amsa.

Bari in fara gyara maka wani abu. Ƙungiyar tsofaffin Amurka da ka ambata, AARP, ba ta ba ɗan takara ko sisin kwabo, ba ta kuma cewa a zaɓi wane a bar wane. Wata tsohuwar shugabar makarantar sakandare, Ethel Percy Andrus, ce ta kafa ta a 1958, yau mambobinta sun kusa miliyan 38. Kuɗin katin bai wuce dala 20 a shekara ba, ni tun ina da shekara 50 na yanki nawa. Ma'aikacinta yana iya ba ɗan takara daga albashinsa, da sunansa, kuma daga nan ne ake samun ruɗanin. Ƙarfinta yawan jama'a ne. Ɗan majalisa ya san tsoho ba ya fashin zaɓe, don haka in wasiƙun tsofaffi suka cika masa ofis, dole ya saurara.

Masu bayarwa suna nan, ba na musu. Akwai ƙungiyar kare Social Security (fanshon gwamnati) da Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi) wadda James Roosevelt, ɗan Shugaba Franklin Roosevelt, ya kafa a 1982. Tana da asusun siyasa na daban, wanda ake kira PAC, kuma yawancin kuɗinsa ga 'yan Democrat yake tafiya. Amma irin wannan asusu ba ya wuce dala 5,000 ga ɗan takara guda a zaɓe guda, kuma komai sai an kai wa FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, a rubuce. Ni ma in abin da na ba mai neman kujerar tarayya ya haura dala 200, sunana zai fito a intanet, kowa ya gani. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba shi kuma da takardar zama ta dindindin, doka ta hana shi bayarwa.

Me ya sa nake bayarwa? Gwaggonka ke nan. Shekara da shekaru tana fama da ciwon sukari. Na sha tsayawa a kantin magani ina lissafin abin da zai rage na haya in na biya kuɗin allurarta, watarana har na same ta tana rage yawan abin da likita ya ce ta riƙa yi don kwalbar ta kai ƙarshen wata. Ba ta gaya mini ba, ni na gani da idona. Dokar da aka yi a 2022 ce ta ƙayyade kuɗin insulin, allurar ciwon sukari, a dala 35 a wata ga masu Medicare, kuma ƙungiyoyin tsofaffi suna cikin waɗanda suka yi ta matsa wa majalisa lamba har ta wuce. Shekara 30 ina tuƙa tasi a New York ina zuba harajin da fanshona ke fitowa daga ciki. In na ga wanda zai tsaya mana, na ba shi dala 25, ban ga abin kunya a nan ba.

Batun cewa wannan ba halin Bahaushe ba ne, nan ne raina ya ɓaci. Kakanka ɗan NEPU ne. Da kuɗin ɗinkin hula ya yanki katin jam'iyya, kuma ba wanda ya taɓa ba shi ko ƙwaryar gero don ya bi Malam Aminu Kano. Zamanin PRP, a 1979, ina saurayi, na ga mata a unguwarmu suna kwance bakin zani suna ba da abin da suka samu na ƙuli da ƙosai don a zuba wa motar kamfe mai. Raba taliya da atamfa da sabulu ranar zaɓe daga baya ya yi ƙarfi, ku kuka tashi kuka tarar da shi har kuke ganin shi ne gado. Mu nan har yau adashi muke yi, muna haɗa gudummawa a masallaci in an yi rasuwa ko haihuwa. Hannun da ya saba da wannan shi ne dai yake ba ɗan takara.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganar, auren 'yar'uwarka ne. Tun da ta auri baƙar fatan Amurka ake ta cewa gidana ya watse. Yaron Musulmi ne, an kai sadaki, an yi kamu, an yi buɗar kai, in ya zo gaishe ni sai ya cire takalmi ya durƙusa. Jikokina Hausarsu ba ta kai taka ba, wannan kam yana damuna, ina kuma ƙoƙari a kai, duk Asabar tuwon shinkafa da miyar kuka suke ci a gidana, ba a yin Turanci sai an wanke hannu. Mahaifiyar mijin nata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ce ta fara kai ni taron tsofaffi, ta rubuta mini lambar ofishin ɗan majalisarmu a bayan ambulan, ta tsaya a kaina har na buga. Muryata tana rawa na yi bayanin allurar gwaggonka, yarinyar da ta ɗauka ta rubuta sunana da unguwata.

Abin da ke ci mini rai, in za a nemi kuɗin makaranta ko na asibiti daga gida, ni Baffa ne, ba a tambayar ko har yanzu Bahaushe ne. Ka nuna wa abokin naka wannan, ka kuma gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa saƙon Gwaggo yana hanya.