Ya yi shiru mun yi hamdala, nas kuma ta hana shi maganin dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ne, shekararsa 24, ya yi kwana shida bai runtsa ba, yana ta surutai da faɗa, muka kai shi asibiti cikin watan Afrilu aka ba shi gado. An yi masa allurai, an ɗora shi a kan ƙwayoyi. A kwana na huɗu sai ya yi tsit, yana kwance yana ta gumi, ko fura bai taɓa ba. Mu dai muka yi hamdala. Da nas ɗin yamma ta zo, ta lanƙwasa hannunsa, ta auna zafin jikinsa, sai ta ce ba za ta ba shi maganin dare ba. Ta kira likita, aka sa masa ƙarin ruwa. Yanzu ya samu sauƙi, amma har yau Inna tana cewa yaya za a yi nas ta hana maganin da likita ya rubuta. Tana da wannan hurumin? Daga wata 'yar'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara masa lafiya, ku kuma sannunku da jinya. E, tana da hurumin, kuma da ta miƙa masa ƙwayoyin nan a halin da kika bayyana, da ita za a fara tuhuma. Likita ne ke rubuta magani, amma yana rubutawa ne bisa yadda ya ga mara lafiya da safe. Mai bayarwa da dare ita ke ganin yadda ya koma. Ba ta da ikon canza magani ko ƙara yawansa, amma tana da ikon dakatar da shi, ta rubuta dalili a fayil, ta sanar da likita nan take. Abin da ta yi ke nan.

Na san dalilin hamdalarku. Gidan da ya yi mako ba barci, shiru ya fi masa komai daɗi. Sai dai mu ma'aikatan jinya da muke kwana a ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa, mai ihu bai cika tayar mana da hankali kamar wanda ya yi tsit kwatsam ba. Mai ihu yana gaya maka inda yake. Shi kuwa shiru iri-iri ne, kuma daga bakin ƙofa duk kamarsu ɗaya.

Akwai shirun sauƙi. Mutum ya yi barci, in an tashe shi ya gane ki, ya sha ruwa, ya tafi banɗaki da ƙafarsa. In kika ɗaga hannunsa kika saki, zai faɗi lagwas. Wannan shi ake nema.

Wanda nas ɗin ta ji tsoro kuwa daban ne, kuma lanƙwasa hannun nan shi ne gwajinsa. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, suna aiki ne ta hanyar tare wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Sinadarin nan yana da hannu a motsin gaɓoɓi da daidaita zafin jiki. A jikin wasu 'yan kaɗan, tarewar takan yi yawa har jiki ya sandare, zazzaɓi ya taso, gumi ya yi ta zuba, bugun zuciya ya yi sauri, awon jini ya riƙa hawa da sauka, hankali ya dushe. Likitoci suna kiran wannan NMS. Ya fi zuwa a makonni biyun farko bayan fara magani ko ƙara shi, musamman ga wanda ya sha allurai, ya gaji da fizge-fizge, jikinsa kuma ya bushe. In kika kama gwiwar hannun irin wannan mara lafiya za ki ji tana turjewa tun daga farko har ƙarshe, kamar kina lanƙwasa rodi. Tsokar da ta daɗe a sandare takan fara lalacewa, dattinta ya bi jini ya toshe ƙoda, fitsari ya ragu ya koma kalar shayi. Yana iya kisa. Matakin farko kuwa shi ne a tsayar da maganin, a sanyaya jiki, a sa ruwa, a ɗebi jini a gwada.

Ki haɗa wannan da Afrilun Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 da rana, ga mutum ya yi kwanaki bai ci bai sha kirki ba. Ni in na karɓi aiki da yamma a irin wannan lokaci, kafin na buɗe fayil nakan duba kofin da ke gefen gado. In ruwan da aka zuba tun azahar yana nan yadda yake, furar da aka dama ta yi ɓawo a kwano, riga ta jiƙe sharkaf alhali mutum ko motsi ba ya yi, to na riga na ɗauko ma'aunin zafi. Kukan kurciya jawabi ne. Kuma ko da ba maganin ba ne, zazzaɓi da dushewar hankali a wannan yanayi suna iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai, ko sukari ya faɗi. Kasancewar mutum yana da taɓin hankali bai hana shi kamuwa da cutar da kowa ke kamuwa da ita ba, kuma nan ne aka fi yin sakaci, don duk abin da ya yi sai a ce ciwonsa ne.

Akwai kuma shirun da jiki lafiya lau, ba zazzaɓi ba sandarewa, amma mutum ya daina magana, ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar kowa. Wannan ba a barinsa shi kaɗai, kuma nas za ta zauna ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Iyaye sukan ji tambayar ta yi nauyi, amma yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi.

Ki gaya wa Inna cewa ba raina likita aka yi ba. Abu ɗaya da zan ce ya kamata a yi, in ba a yi ba, shi ne a zaunar da ita a yi mata bayani a daren, ko na minti biyu ne. Mukan manta cewa uwar da ke zaune a kan tabarma ba ta ga lambar da muka gani a ma'auni ba. Kuna da damar tambaya, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, an gina ta ne a kan kare haƙƙin mara lafiya.

Kafin a sallame shi, ki roƙi likita ya rubuta miki sunan maganin da aka dakatar da kuma abin da ya gano. Ki ajiye takardar, ki nuna ta duk inda aka kai shi, don kada wani ya sake yi masa allurar bai sani ba. Kada wannan ya sa ku jingine sabon maganin da za a ba shi, don in kun jingine ciwon ƙwaƙwalwar zai iya dawowa. Ya riƙa shan ruwa sosai, ya guji rana tsaka, maganar azumi kuma a yi ta da likitansa tun kafin watan ya kama. In wuyansa ya murɗe ko harshe ya zaro ko idanu suka kafe sama, ba iska ba ce, illar magani ce da allura ɗaya kan warware, a kai shi a ranar. In kuwa zazzaɓi ya haɗu da sandarewar jiki ko ruɗewa, kada a ba shi ƙwayar gaba, kada a jira gari ya waye. A wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, duk wanda ya fi muku kusa, da takardar a hannu.