Editan jarida kuma ɗan majalisa: amsar tambayarka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a tarihin Amurka kana ta cin karo da mutum guda yana buga jarida kuma yana zama a majalisa, kana tambaya ko al'adarsu ce. Al'ada ce ta sababbin garuruwan yammacin Amurka a ƙarni na 19, kuma neman abin sawa a baka ne ya haife ta.

Ɗauki William T'Vault. Ya isa yankin Oregon a 1845 cikin ayarin keken shanu, ƙasar da take da masu ita tun kafin zuwan Turawa, kada ka manta. Ran 5 ga Fabrairu 1846 ya fito da jaridar Oregon Spectator, shafi huɗu, sau biyu a wata, albashinsa dala 300 a shekara. Bayan fitowa 13 masu jaridar suka sallame shi. Suka ce rubutunsa duk kurakurai, shi kuwa ya ce siyasa ce. Daga baya ya buɗe wata a Jacksonville, ya kuma shugabanci majalisar wakilan Oregon a 1858. Ya goyi bayan bautar da bayi, wannan kam babban tabo ne.

Yanzu dubi wahalar aikin buga jarida a wancan zamani. Harafi ɗaya-ɗaya ake tsinta daga akwati, na dalma, a jera su a baibai, a ɗaure shafin cikin firam na ƙarfe, a matse da 'yan itatuwa. In matsin bai kai ba, da an ɗaga sai haruffan su zube, aikin yini ya tashi a banza. Takarda tun dare ake yayyafa mata ruwa. Ta bushe, ba ta kama tawada sosai. Ta jiƙe da yawa, rubutun ya dame. Lokacin sanyi tawadar ma daskarewa take, sai an ɗumama ɗakin. Mutum biyu, ɗaya na shafa tawada, ɗaya na jan hannun injin, suna buga kamar 200 a awa, fuska ɗaya. An gama, a mayar da kowane harafi gurbinsa, don da su za a yi na gaba.

Masu saye kuwa 'yan ƙalilan ne, wasu da alkama ko itacen wuta suke biya, wasu sai bashi. Kuɗi na gaske yana wajen kwangilar buga dokokin gwamnati, kuma majalisa ce ke zaɓen wanda za a ba. To ka ga abin da ke kai edita majalisa, ko ya sa shi rungumar jam'iyya. Asahel Bush na jaridar Oregon Statesman ya sami wannan kwangilar a 1851. Thomas Dryer, wanda ya kafa jaridar Oregonian a 1850, ya shiga majalisa amma harkar kuɗi ta gagare shi. Albashin ma'aikacinsa Henry Pittock ya taru a kansa, har a 1860 ya bar masa jaridar a madadin bashin.