Hukuncin Azabtar da Wanda Ake Tuhuma da Ɗigon Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gadin waɗanda ake tsare da su, sai gardama ta kaure tsakanina da abokin aikina a kan dabarar da ake ɗaure mutum a kwance, a riƙa ɗiga masa ruwan sanyi a goshi har ya faɗi abin da ake nema. Shi yana ganin tunda babu duka, babu jini, ba azaba ba ce. Mene ne hukuncinta, kuma ana karɓar iƙirarin da aka samu ta haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wannan aiki haramun ne, kuma rashin tabo a jiki bai rage masa nauyi ba, domin hankali aka nufa da cutarwar, shi kuwa hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kare su.

Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta bayaninta ga wani masanin shari'a ɗan Italiya, Hippolytus de Marsiliis, wanda aka haifa a 1451, ko da yake Turawa sun laƙaba mata sunan ƙasar Sin. Ɗigon kansa ba ya rauni. Abin da ke karya mutum shi ne an ɗaure shi ba ya iya kau da kai ko share fuska, ɗigon kuma ba ya sauka a kan ƙa'ida, sai zuciya ta zauna cikin jiran na gaba ba hutu, barci ya gagara, sanyi ya ratsa shi. Idan abin ya yi tsawo, fargaba takan kai ga ruɗewa, har ya fara gani ko jin abin da babu. Wanda aka azabtar yakan fita da jiki lafiya, amma ya ɗauki shekaru yana fama da mugun mafarki da firgita, ƙarar famfo mai yoyo ma tana iya mayar da shi wancan ɗaki. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin cuta ce da mai ita ba ya iya nuna wa alƙali.

Muslim ya ruwaito cewa Hisham bin Hakim ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su a rana, an zuba musu mai a ka saboda haraji, sai ya ce ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa Allah zai azabtar da waɗanda suke azabtar da mutane a duniya. A lura, ba a ambaci bulala ba, mutanen kuma ba Musulmi ba ne, amma sahabin ya kira abin azaba. Malaman fiƙihu sun wajabta cikakkiyar diyya a kan wanda ya gusar wa wani hankali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984 ma ta haɗa azabar jiki da ta ƙwaƙwalwa a ma'ana ɗaya.

Shi kuwa iƙirarin, mafi yawan malamai ba su yi aiki da shi ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan aka bar shi da yunwa, ko aka ɗaure shi, ko aka doke shi. Aya ta 106 a Suratun Nahl ta yafe kalmar kafirci ga wanda aka tilasta, balle amsa laifin sata. Gaskiya ne wasu malaman Malikiyya sun halatta tsananta wa wanda ya shahara da ɓarna, amma sun rataya hakan a kan alƙali da ƙwaƙƙwarar alama, kuma ban ga hanyar da maganarsu za ta kai ga abin da ke barazana ga hankali ba.

Idan aka umarce ka da yi, kada ka yi, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Ka kai ƙara ga hukumar da ke sama, kuma wanda aka riga aka yi wa a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Allah ne Mafi sani.