Dutse Ya Fito Ƙarami a Hoto: Amsa ga Masu Neman Kyamara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Suleja ne, na ɗan yi tari ina son sayen kyamara don ɗaukar duwatsu, daji da ruwa. Abokaina sun ce in ba mai babban sensa ba ce, wato ful-firem, asarar kuɗi zan yi. In ƙara tari ne, ko in sayi ƙaramar?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokan naka ba su yi ƙarya ba, amma ba aikinka suke magana a kai ba. Babban sensa, wato allon cikin kyamara da ke karɓar haske ya zama hoto, yana nuna ƙarfinsa ne inda haske ya yi ƙaranci, kamar wurin dinar biki da dare. Kai kuwa dutse za ka ɗauka, dutse kuma ba ya gudu. Za ka kafa kyamara a kan ƙafa-uku, ka sa ISO, wato ma'aunin saurin jin haske na sensa, a 100, ka tsuke kafar hasken gilashi, wato lens, zuwa f/8 ko f/11, ka bar ta ta sha haske son ranta. A wannan yanayi Nikon D5600 mai ƙaramin sensa da D750 mai babba duk megafiksel 24 gare su, sai mai ido sosai zai bambance hotunansu.

Shawarata, kada bodi, wato jikin kyamara ban da gilashi, ya cinye maka fiye da sulusin kuɗin. Ragowar ka zuba a gilashi mai kyau, da ƙafa-uku mai nauyi wadda iska ba ta kaɗawa, da batir na biyu. Maganar batir ɗin nan ba wasa ba ce: a ƙiyasin kamfani, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto kusan 1,550 da caji ɗaya, Sony a6000, irin kyamarar da babu madubi a gaban sensarta, kuwa kusan 360. Wanda ya hau Mambila ya kwana inda babu wuta shi zai gaya maka bambancin.

In ta hannu za ka saya, kuma babu laifi, ka nemi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Sannan ka ɗauki farin bango a f/22, duk dattin da ke kan sensa zai fito ɗigo-ɗigo. Gilashin kuma ka cire murafen biyu ka haska tocilan ta baya. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu.

Tambaya: Malam, ni daga Jos nake. Na sayi gilashin Canon 10-18mm saboda an ce shi ne na ɗaukar fili. Na je tsaunukan Shere, sai ga su sun fito ƴan mitsi-mitsi can ƙarshen hoto. An cuce ni ne?

Ba a cuce ki ba, ƙanwata, gilashin mai kyau ne, halinsa ke nan. Gilashi mai faɗi yana kumbura abin da ke kusa, ya ƙanƙanta na nesa. Saboda haka sai kin ba shi abin da zai riƙe a gaba: ki durƙusa daf da wani fashashshen dutse, ko tsiron kerana, ko turbar da shanu suka bi, tsaunin ya zama yana baya. A bakin ruwan Gurara ko Matsirga ta Kafanchan, inda babu wurin ja da baya, nan yake cin kasuwarsa.

Amma in so kike tsauni ya cika hoto da kwarjininsa, dogon gilashi kike buƙata, irin 55-250mm na Canon. Ki tsaya nesa ki jawo. Hotunan Dutsen Zuma da kike gani ya tsaya ƙiƙam a kan motocin hanyar Abuja zuwa Kaduna, da irin wannan gilashi ake samun su. Da ni ne zan zaɓi biyu kacal, 18-55mm da ke zuwa da kyamara da kuma dogon zan ɗauka, mai faɗin ya biyo baya. Masu Nikon kuma su lura: gilasan Nikon masu alamar AF-P ba sa aiki da tsofaffin bodi irin D90 da D3100.

Tambaya: Akwai filtar da ke cire hazon hunturu?

Babu, Malam. Filtar CPL, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi, tana rage ƙyallin ruwa da na ganye, ta ƙara wa sama shuɗi, amma ƙurar da ke yawo a iska ta fi ƙarfinta. Ko dai ka yi amfani da hazon, ka ɗauki jerin duwatsu suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya da sassafe, ko ka jira ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke sama kuma daji na nan shar. Kada ka canja gilashi a tsakiyar iska, musamman a kyamara marar madubi da sensarta ke waje da zarar ka buɗe. Shiga mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Ƙura kuma da robar hura iska ake kore ta, ba da bakin riga ba.